Na Bar Hassan a Gida, Na Tafi Kano da Husaini

Da ɗa guda na haifa, ban san ranar da zan gane Husaini ba shi da lafiya ba. Allah ya ba ni su biyu, sai ya zamana kullum ina da wanda zan gwada shi da shi. Shi ya sa nake rubuta wannan a wayata kaɗan-kaɗan idan yara sun ba ni sarari, saboda uwar da take riƙe da jariri ɗaya, tana ganin yana haki, ana ce mata ai haka jarirai suke.

Sunana Hajara. Muna zaune a wani ƙauye gaba da Sandamu, a gidan gandu: ni da maigidana, yayansa da matarsa Yaya Uwani, sai mahaifiyarsu da muke kira Inna. Maigidana manomi ne, da rani kuma yana sarin awaki da tumaki a kasuwar Mai'adua. Ina da 'yan mata biyu kafin tagwayen. Ni da Yaya Uwani ba mu taɓa sa-in-sa ba, amma ba zan ce mun shaƙu ba. Mace ce marar yawan magana, gaisuwa da aron gishiri ne kawai ke haɗa mu. Lokacin da na haihu tana goyon 'yarta Ummi.

A ƙarshen sanyi aka haife su. Ranar suna ba mai iya bambance su sai da zaren da Inna ta ɗaura wa Hassan a hannu. Kafin mu yi arba'in an daina duba zaren. Hassan idan ya kama nono sai ya ƙoshi ya saki da kansa, ya yi barci. Husaini kuwa ya ɗan tsotsa, ya saki, ya yi ta haki kamar wanda ya yi gudu, sannan ya sake kamawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi da ƙeya ko da safe ne ana iska. Idan na cire masa riga sai in ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk numfashi. Rigunan suna iri ɗaya aka ɗinka musu, na Hassan suka matse shi, na Husaini suna reto a jikinsa.

Masu shawara ba su yi ƙaranci ba. Wata ta ce Hassan ne ya fi shi wayo tun a ciki, ya cinye masa rabo. Wata ta ce nonona na hagu ne ba shi da kyau, in daina ba shi. Wata tsohuwa ta ce belin da wanzami ya cire ne ya sake tsirowa. Inna ta dafa dauri tana ɗura masa. Da tari ya kama shi muka kai shi kemis, mai kemis ya ce nimoniya ce, ya yi masa allurai. Ya ɗan samu sauƙi, bayan kwana kaɗan tarin ya dawo, muka koma, aka sake allurai. Haka muka yi ta yi duk tsawon bazara. Ba na zargin kowa a cikinsu da mugunta, kowa abin da ya sani ya faɗa. Abin da ke damuna shi ne, a duk zuwan da muka yi, mai kemis bai taɓa cewa mu wuce asibiti ba.

Da aka kawo maganar a kira wanzami ya yi masa sakiya a ƙirji, sai na ce da maigidana, "Malam, ni dai kada a taɓa yaron nan da aska. Dubi jikinsa, ina jinin da za a zubar?"

Ya duba jikin yaron. Ya ce, "To, bari a gama shuka mu kai shi Daura."

Ba a gama shukar ba. Wata safiya bayan ruwan sama na ɗauko shi zan ba shi nono, ya ƙi kamawa sam. Jikinsa zafi rau, hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Maigidana ya ajiye sungumi ya tayar da mashin. Na miƙa wa Yaya Uwani Hassan ba tare da na ce mata komai ba, ita ma ta karɓa ba ta tambaya ba.

A asibitin Daura mun tarar da layi har waje, mata da yara a kan benci da ƙasa. Maigidana yana can wajen yankar kati, wata nas ta zo wucewa, ta kalli ƙirjin Husaini, ta tsaya. Ta ce, "Ke, taso ki biyo ni." Wasu mata suka fara gunaguni, ta juya ta ce musu, "Ku dubi numfashinsa mana." Suka ba mu hanya. Ban san sunanta ba har yau, amma tana cikin addu'ata.

Likitan da ta kai mu wajensa ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ya daɗe bai ɗauke ba. Ya matsar da shi gefe, ya sake saurara. Sannan ya ɗago ya ce, "Yana gumi idan yana shan nono?"

Ni kuwa ban faɗa masa maganar gumi ba. Na ce, "Tun yana ɗan kwanaki, likita."

Ya ce, "Nimoniyar gaskiya ce, za mu yi maganinta. Amma akwai abin da ke jawo ta. Ina jin wata ƙara a zuciyarsa wadda bai kamata a ji ba. Idan ya warware sai ku je Kano a yi masa hoton zuciya."

Muka kwanta kusan mako guda, da robar iska a hancinsa. Ragon da maigidana yake kiwo don layya shi ne ya fara tafiya kasuwa.

Kano ta ba mu wahala, ba zan ɓoye ba. Mun isa asibitin da aka tura mu, aka ce ranar ganin likitan zuciyar yara ta wuce, sai mako mai zuwa. Muka sauka gidan wani ɗan'uwan maigidana, ni da tagwayen a ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yanta. Da ranar ta zo aka ce sai an yi hoton tukuna, shi kuma hoton nasa layin daban. Wannan taga ta tura ka waccan, waccan ta ce ka koma inda ka fito. Maigidana ga gona tana jiran noman farko, ga shi yana zarya a barandar asibiti da takardu a hannu. Hoton, wanda suke kira eko, ba ya da zafi. Wani ruwa mai kauri da sanyi ake shafa wa yaro a ƙirji a yi ta goga wani abu. Ina faɗa ne don kada wata ta ji tsoro kamar yadda na ji.

Likitar zuciyar mace ce, ba ta da tsayi, tana magana a hankali. Ta jawo takarda ta zana mana zuciya da ɗakuna huɗu. Ta ce, "Bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyun nan, akwai rami a jikinsa. Jini yana bi ta ramin yana yi wa huhu yawa, shi ya sa yake haki, abin da ya ci kuma duk a numfashi yake ƙarewa. Ƙananan ramuka sukan toshe da kansu. Nasa babba ne, sai an yi aiki, kuma an fi so a yi kafin ya shekara."

Na ce, "Likita, wani abu na ci da cikinsu? Ko nonona ne?"

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Maman Husaini, ba nononki ba ne. Ba ɗan'uwansa ba ne. Ba wani abu da kika yi ko kika bari. Haka aka halicce shi." Watanni ina ɗauke da wannan nauyin ban gaya wa kowa ba. A nan na fashe da kuka.

Maigidana ya tambayi kuɗin aikin. Da ta faɗa sai ya yi wata 'yar dariya, irin wadda mutum yake yi idan abu ya fi ƙarfin kuka. Ya ce, "Likita, ko gonar gandunmu muka sayar da duk abin da ke turke, ba mu kama hanya ba."

Ta ce ta sani, yawancin waɗanda ke zama a kujerar nan haka suke. Sannan ta gaya mana akwai wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin aikin zuciya ga yaran marasa ƙarfi. Lokaci-lokaci sukan kawo likitoci daga waje su haɗu da na gida, su yi wa yara aiki na 'yan kwanaki su koma. Ta haɗa mu da ma'aikaciyarsu, Malama Asma'u. Ita kuma ta yi mana tambayoyi, ta ce ba ta yi mana alkawarin rana ba, masu jira suna da yawa. Ta ce gidauniya za ta biya aiki da gado da magungunan aikin, amma mota da abinci da masu ba da jini namu ne. Likita ta ƙara da sharaɗi biyu: ya ƙara nauyi, kuma ranar da aka kira mu ya kasance ba tari ba zazzaɓi. Ta rubuta masa maganin da ke sa yawan fitsari don ruwa ya ragu a huhunsa, ta ce in riƙa tatsar nono ina ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, a kai a kai, tunda tsotso yana gajiyar da shi.

Da muka dawo gida da labarin, gari ya ɗauka. Wani ya ce wa maigidana a masallaci, wa zai yi maka aikin miliyoyi kyauta in ba da wata manufa ba? Wata ta ce ta ji ana cire wa yara ƙoda. Wadda ta fi tsayawa kai da fata ita ce Inna. Ta ce, "A tsaga ƙirjin jariri kamar kaza? Ba da raina ba. Idan kwanansa ya ƙare, ya ƙare a ɗakin uwarsa da jikinsa cikakke." Maigidana ba ya iya musu da ita. Ya je wajen liman, liman ya ce neman magani ba ya karo da tawakkali. Inna ta ce liman ba shi ya haifi uban yaron ba.

Muka yi kwanaki a haka, gida ba daɗi. Wata rana da hantsi tana zaune a inuwar ɗakinta tana tsinkar rama, ni ina gefe ina ba Husaini nono a cokali. Ba kowa a tsakar gidan. Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "Hajara, matso."

Na matsa.

Ta ce, "Tsakanin mijin Uwani da mijinki na haifi wani. Ba su san shi ba, ba na maganarsa. Haka yake numfashi. Haka yake jiƙewa da gumi a kan nono. An ce tamowa ce, an yi sakiya, an yi turare. Bai kai yaye ba." Ta ci gaba da tsinkar ramarta. "Tun ranar da na ga naki yana sakin nono gabana yake faɗuwa, na ƙi faɗa. Na ce kada a tsaga shi don tsoro nake ji. To wancan ba a tsaga shi ba, kuma bai zauna ba." Ta share ido da bakin zaninta. "Ku kai shi. Amma ranar aikin da ni za a je."

Saura maganar nauyi. Nonona ba ya isar su biyu, ga Hassan da ci. Duk abin da na tatsa wa Husaini ɗan kaɗan ne, mun gwada madarar gwangwani kuɗinta ya gagare mu. Wata safiya Yaya Uwani ta yi sallama ɗakina, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Na yi magana da Baban Ummi. Ki bar mini Hassan. Ummi ta fara cin tuwo, nonon yana yi mata yawa. Ke ki ji da wannan."

Na ce, "Yaya, wahalar fa?"

Ta ce, "Miƙo shi."

Inna tana jin mu daga waje ta ce, "Shi ke nan, kun ɓata mini shiri. Da na ce Ummi matar Hassan ce, yanzu kun mayar da su wa da ƙanwa." Ranar ce na fara jin dariyar Yaya Uwani sosai. Daga ranar Hassan ya koma ɗakinta, da shimfiɗarsa da komai.

Tsakiyar damina Malama Asma'u ta kira, ta ce likitoci sun iso, mu taho. Ana ta marka a makon. Na lulluɓe Husaini da zani biyu da leda a kan mashin har bakin titi, amma kafin mu shiga Kano ya fara tari. Washegari jikinsa ya yi zafi. Likita ta saurari ƙirjinsa ta girgiza kai. Ta ce, "Idan muka shiga da shi a haka, ba lallai mu fito da shi ba. Ba zan yi ba."

Na roƙe ta. Na ce a ba shi magani a jira kwana biyu. Ta ce kafin huhunsa ya washe baƙin sun tafi. Na fito baranda na tarar da Malama Asma'u, na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce kun sa mun sayar da dabbobinmu, na raba ɗana da nonona, yanzu ku ce mu koma? Ta bari sai da na gama. Ta ce, "Sunansa yana nan, ba wanda zai cire shi. Bayan kaka za su dawo." Daga baya na ba ta haƙuri, ta ce ta saba, wai gara uwar da ta yi faɗa da wadda ta tafi ba ta dawo ba.

A barandar nan wata mata ta matso ta zauna kusa da ni. Daga garin Babban Mutum take, da jin maganarta na san ta wajenmu ce. Ɗanta zai yi shekara biyar, yana tsugune a gabanta, leɓensa ya yi duhu. Ta ce shi ma ramin ne, tun yana jariri yake haki, ba su taɓa jin ana aikin ba sai bana. Likitoci sun duba sun ce huhunsa ya riga ya lalace da matsin jinin, aiki yanzu zai fi cutar da shi, sai dai magani. Ta dafa gwiwata ta ce, "Ki daina kuka, 'yar'uwa. Ke an ce ki dawo. Ni ba a ce in dawo ba." Ta ɓare ayaba ta ba ɗanta rabi, ta miƙo mini rabi. Ban sake ganinta ba. Ita ce babban dalilin wannan rubutun.

Watannin da suka biyo baya na zama kamar mai gadi. Na daina shiga da shi madafa saboda hayaƙi. Duk mai mura na hana shi ɗaukarsa, har wasu suka ce tunda na fara zuwa Kano na koyi wulaƙanci. Na daina zuwa suna da biki. Duk wata sai mun je awo, tumakin maigidana suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a kuɗin mota da magani, akuyata ma ta bi su. Yayan maigidana shi ya riƙe noman gandu kusan shi kaɗai. Nauyin Husaini yana hawa a hankali kamar ba ya so, amma yana hawa. Hassan kuwa ina hango shi a bayan Yaya Uwani, ya yi ɓul-ɓul, yana wasa da ɗankwalinta.

An gama yankan gero, ana ɗaurin dawa, kira ya sake zuwa. Wannan karon ƙirjinsa fes. Aka ce mu kawo masu ba da jini. Maigidana ya faɗa a kara, kasuwar dabbobi, wajen abokan sana'arsa, yana tsammanin mutum biyu ko uku. Sai ga mota cike da dillalan dabbobi tun daga Mai'adua, da manyan rigunansu da sandunansu, har mai gadin asibiti ya tare su yana tambayar ko lafiya. Akwai wani ƙato a cikinsu, Ɗanjuma, wanda aka ce shi kaɗai yake kayar da bijimi. Da ya ga allura sai ya kawar da kai ya rufe ido ya ce, "Malama nas, in kin gama ki gaya mini, ni ba zan kalla ba." Abokansa suka yi ta yi masa tsiya. Ba su karɓi ko kuɗin mota ba.

Ranar aikin an hana ni ba shi nono tun kafin gari ya waye. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, yana kallona yana lalubar rigata, ni kuma ina jijjiga shi. Da hantsi wata nas ta zo da koren kaya ta miƙo hannu. Inna ta tofa masa addu'a a ka. Na miƙa shi. Ƙofa ta rufe.

Inna ta shimfiɗa tabarma a baranda ta kama carbi, ba ta sha ko ruwa ba. Maigidana ya kasa zama, ya je ƙarshen baranda ya dawo, ya sake komawa. Muka yi azahar a nan. La'asar ta kusa sai ga likitarmu ta fito, ta sauke abin rufe bakinta. Ban iya tashi ba. Ta tsuguna a gabana ta ce, "An toshe ramin. Zuciyarsa tana bugawa da kanta." Inna ta kifa goshinta a kan tabarma, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ga abin da ba wanda ya shirya ni a kansa, ina so wata ta sani tun yanzu. Da aka bar ni na shiga ganinsa, na tarar da shi ba ya motsi, roba a baki, roba a hanci, wasu suna fitowa daga ƙirjinsa da jini-jini a ciki, na'urori suna ta ƙara. Jiri ya ɗebe ni sai da nas ta riƙe ni. Ta ce barci aka sa shi, duk yaran haka suke fitowa, robobin kuma ɗaya-ɗaya za a cire. Haka aka yi. Bayan 'yan kwanaki aka ce in gwada ba shi nono. Na ɗauke shi a tsorace saboda ɗinkin. Ya kama, ya yi ta sha, ya yi ta sha, ina jiran ya saki bai saki ba. Na shafa goshinsa na ji shi a bushe. Na kira Inna na ce ta taɓa. Ta taɓa, ta ce, "Ikon Allah," ta sake taɓawa.

Ba a sallame mu da wuri ba, domin bakin ɗinkin ya ɗan yi ruwa, zazzaɓi ya biyo baya, sai da aka ƙara mana kwanaki. Bayan sallama ma likita ta ce mu zauna kusa har a sake hoto. Duka-duka na fi wata guda ban ga gida ba.

Godiyata ga waɗanda suka ba da dukiyarsu aka yi wa ɗana aiki ba ta da iyaka. Ban san fuskarsu ba, ba su san tawa ba. Allah ya saka musu, ya sa su tarar a mizani. Amma ina da kuka. Me ya sa sai mutum ya kai Kano kafin ya ji akwai irin wannan taimako? Da ana faɗa a rediyo, da ana gaya wa mata a wajen awo da rigakafi, da yaron matar nan ta Babban Mutum bai kai shekara biyar a tsugune ba. Kuma kuɗin mota da abinci da aka bar wa iyaye, a ido kaɗan ne, amma na ga waɗanda shi ya hana su dawowa. Ke kuma uwa, idan jaririnki yana sakin nono yana haki, yana gumi a kan nono, ba ya ƙara nauyi, tari yana tafiya yana dawowa, kada ki tsaya a kemis. Ki je asibiti ki ce a saurari zuciyarsa. Ki faɗi maganar gumin ko ba a tambaye ki ba.

Ranar da muka dawo, gida ya cika da 'yan barka. 'Yan matana suka rugo suka rungume ni. Ni kuwa idona yana kan Hassan. Yana hannun Yaya Uwani, ya yi haƙora, ya yi wayo. Na miƙa hannu na ce, "Hassan, zo." Ya kalle ni kamar baƙuwa, ya juya ya cusa fuskarsa a wuyanta. Da na ɗauke shi da ƙarfi ya sandare yana ihu har sai da na mayar. Mata suka yi dariya, ni ma na yi, amma da na shiga ɗaki sai da na yi hawaye.

Yaya Uwani ta ga abin da ya faru. Daga washegari ta dawo da aikinta ƙofar ɗakina. A nan take tankaɗe, a nan take daka, ta ajiye Hassan a tabarma kusa da ni. Idan ya nufo ta sai ta yi kamar ba ta gani ba. Aka yi kwanaki a haka, yana yarda in ba shi kunu, amma ko tuntuɓe ya yi wajenta yake rarrafawa.

Wata la'asar na zaunar da su biyun a tabarma, na ba Hassan ludayi yana wasa. Husaini, wanda a da ko hannu ba ya iya ɗagawa sosai, ya miƙa ya fizge ludayin, ya ƙwala masa a ka. Hassan ya buɗe baki ya tsala kuka. Ya waiga wajen turmi, ya waigo wajena. Sai ya rarrafo ya hau cinyata, ya kwantar da kansa a ƙirjina yana shessheƙa.

Yaya Uwani ta tsayar da taɓarya. Ta ce, "To, an sallame ni ke nan."

Na ce, "Haba Yaya, wa ya isa ya sallame ki?"

Ta goge ido da bayan hannu, ta gyara riƙon taɓaryarta. Ta ce, "Idan za ki goya shi, kada ki sa zani mai santsi, ba ya so. Kuma sai an shafa masa baya yake barci."

Ta ci gaba da dakanta.